Akwatin Iri a Cikin Kumbo

Duk wanda ya san Maska ya san Malam Haladu, ko da gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba. Dogo ne siriri, mai magana ɗaya, mai taurin kai na gado. In ya ce a'a, to ka shafa wa kanka lafiya ka kama hanya. Shekarunsa sun haura saba'in, kuma in ka cire zuwa Zariya sau biyu neman magani, kusan duk tsakanin gida da masallaci da gona ya ƙarar da su. Bai yi sarauta ba, bai tara dukiya ba. Abu ɗaya gare shi da babu a gidan kowa: wata farar dawa da 'yan gidansu ke kira 'Yar Goggo.

An ce ƙanwar kakansa ce ta zo da ita a ƙulle a bakin zane, tun zamanin da ba a san mota ba. Tuwonta fari sol, ɗumamensa ya fi na jiya daɗi. Maƙwabta duk sun koma masara da waken suya da sabon iri na cikin leda, shi kuwa yana nan kan bakansa. Kwana biyu ko uku kafin girbi zai shiga gona da hantsi, da ɗaurin kaba a kafaɗa, yana tafe yana ɗaga kai. Tun dawa na tsaye a kan karanta yake zaɓen iri. Zangarniyar da ba ta yi gaggawar nuna ba, ba ta kuma makara ba, wadda babu cutar burtuntuna a jikinta, babu ƙwaya ja ko ɗaya, ita zai ɗaura wa kaba. Waɗannan ake yanka daban, a rataye a madafa inda hayaƙi zai kore ƙwari, sai damina ta kewayo.

'Ya'ya biyu matarsa Kulu ta bar masa da Allah ya yi mata rasuwa: Zubair da ƙanwarsa Zaituna. Zubair ɗan fari ne, saboda haka Malam Haladu bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa dafa kafaɗarsa a gaban mutane ba. Kunyar ɗan fari kenan irin ta mutanen da. Sai dai ya ce "kai", ko "wancan", ko in da Zaituna yake magana ya ce "yayanki". Amma shi kaɗai ya koya wa zaɓen iri, kaka uku a jere. Da ya haɗa da Zaituna ya koya musu tare da an huta, to amma wa ya isa ya gaya masa?

Shi Zubair ido gare shi mai kyau, sai dai hankalinsa na cikin littafi. Shekara goma sha biyu da suka wuce, ana gab da girbi, zazzaɓi ya kwantar da uban, ya tura shi ya ɗaura kaba. Ya tafi da littafi a aljihu, ya zauna a gindin ɗorawa wai bari ya ƙarasa babi ɗaya. Ya ɗaga kai sai ya ga rana ta yi ja. Ya ce gobe. Goben kuwa 'yan gayya suka yi sammako, suka kayar da gonar kaf, aka haɗa da jar dawar gonar gabas a masussuka, aka sussuke. Da Malam Haladu ya lallaɓo ya ga tsaba ta cakuɗe, sai ya juya ga ɗansa a gaban mutum fiye da ashirin.

"Ka kashe abin da mutum huɗu suka raya," in ji shi. "Hannun da bai riƙe zangarniya ba, ban san abin da zai riƙe a duniya ba."

Washegari bayan sallar asuba Zubair ya bar garin, ba sallama. Can daga baya aka ji yana Kaduna. Yakan yi waya da Zaituna, yakan ce a gaida Baba, Baba kuma yakan ce yana amsawa. Iyakarta kenan, shekara goma sha biyu.

Abin da Zubair bai sani ba shi ne, mako guda da tafiyarsa uban ya hau mota har wani ƙauye bayan Ƙarfi, wajen wani Bamaguje abokinsa mai suna Labo. Shekarun baya ya taɓa ba Labo zangarniya biyar kyauta, don su ba sa sayar da iri; bayarwa ake yi, saboda ranar da naka ya ɓace ka san ƙofar da za ka yi sallama. Labo bai tambaye shi komai ba, ya hau rumbu ya sauko masa da goma. Malam Haladu ya dawo da su cikin buhu, ya rataye, bai ce wa kowa uffan ba. Girman kai ne, ba wani abu ba. Ya je roƙon abin gidansu a gidan wani, ina zai iya faɗa?

Yanzu kuwa yanar ido ta rufe masa gani. Duniya ta zama masa kamar ana kallonta ta cikin ruwan koko. In ya zauna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida ya ɗaga kai, hasken da ke ratsa ganye sai ya tarwatse masa ya zama taurari, da rana tsaka. Bara da hannu kawai ya zaɓi iri, bana sai ga ja ya ɓullo nan da can a gonar. Ya san lissafin sarai. In aka ƙara kaka ɗaya babu idon da ya san ta, 'Yar Goggo ta zama dawa kamar ta kowa. Labo ya rasu, 'ya'yansa sun koma masara. Babu sauran ƙofar da za a yi sallama.

Ana cikin haka, ƙarshen damina, Zaituna ta shigo da littafi a hannu. Malamar firamare ce yanzu, gidan aurenta katanga ɗaya da nasa, a madafarta ma irin ke rataye.

"Baba, Yaya ya rubuta littafi. Ga sunansa a bango."

"Na addini?"

"A'a. Akwai wani fim da ake ta kallo a waya, Ayarin Gamzaki. Mutane ne suka bar duniyar nan a cikin wani ƙaton kumbo, jirgin da ke ratsa sararin samaniya, suna neman wata duniyar. Masu fim ɗin ne suka ce ya mai da shi littafi."

Ya karɓa, ya juya shi, ya shinshina, ya miƙa mata. "Ni ba ruwana da tatsuniya. Amma tunda kin kawo, karanta mu ji ƙaryar da aka yi."

Haka aka fara. Kullum bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma ta karanta masa babi ɗaya ko biyu, shi kuma ya jingina da darbejiya, ya ɗaga fuska ga taurarinsa na rana. Wai ba ruwansa, amma in ta makara da minti goma za ka ji yana tambayar ko lafiya.

Ba a yi kwana uku ba ya fara sara. Jarumin labarin wani ne Madugu Mahadi, shugaban kumbon, wanda kowane babi sai ya yi yaƙi da wasu mutanen ƙarfe.

"Wannan Madugun ba ya gajiya? Tun ranar Litinin yake harbi. Kuma su mutanen ƙarfen me aka yi musu? Gona aka ci musu, ko rijiya aka hana su?"

"Ba a faɗa ba, Baba. Mugaye ne kawai."

"Babu mugu kawai. Ko kura yunwa ke fito da ita."

Ta ce haka yake a fim ɗin, Yaya ba shi da ikon canzawa, duk inda fim ya bi dole littafi ya bi. Har ta kunna masa a waya ya ji. Ƙara ce kawai da fashe-fashe. Ya ɗaga hannu ta kashe.

"To na gane. Ƙwadago ya yi a gonar wani. Mai gona ya ja kunya, shi kuma ya bi."

Ya ƙi jinin jawaban Madugu, ya ce kamar mai neman ƙuri'a. Ya ce mutum dubu uku a jirgi ɗaya, shekara arba'in, ba a yi suna ba, ba a kai gaisuwar mutuwa ba, wannan ai ba ayari ba ne, ajiyar gumaka ce. Wallahi ba ya raga wa littafin nan. Amma akwai wuraren da yake yin shiru, har tasbahar hannunsa ta tsaya. Akwai babin da mutanen kumbo suka rasa alƙibla, don babu gabas babu yamma, babu fitowar rana. Ana ta gardama sai wata tsohuwa ta kai su taga, ta nuna musu wani ɗigo shuɗi can nesa, ƙarami kamar ƙwayar gero, ta ce ga inda muka baro, ku fuskanci can. Kullum ɗigon na ƙara ƙanƙancewa, har ranar da ya ɓace, suka ci gaba da fuskantar duhun da ya shiga.

"Wannan yana cikin fim ɗin?"

"Babu, Baba."

"Na sani," in ji shi. "Nan hannunsa ne. Maimaita."

Sai kuma Tsoho Maiwada, wanda shi ma babu shi a fim. Shi ne mai tsaron irin shuka a can ƙasan kumbo, cikin wani ɗaki mai sanyi. Dogo, siriri, mai magana ɗaya. In zai gwada ƙwaya sai ya ɗora ta a haƙorin gaba ya ciza, ya rufe ido ɗaya. Zaituna na zuwa nan ta saci kallon ubanta, ta danne dariya. Shi kuwa ya gyara zama ya ce, "Duk jirgin nan wannan ne kaɗai mai hankali." Bai gane ba, ko ya gane ya basar, Allah masani.

A kwanakin nan barci kan sace shi tana cikin karatu. Sai ya ga kumbon ya taso ta kan hanyar Funtua, shiru, ba ƙara, ya tsaya a kan gonarsa, inuwarsa ta rufe ɗorawa. Ya ga kansa a ciki yana tafiya a wani dogon zaure, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ta tagogi taurari na wucewa sannu-sannu, Kaza da 'Ya'yanta sun zo kusa har zai iya ƙirga su. Can ƙarshen zauren wani na zaune ya ba shi baya yana karatu. Ya buɗe baki zai kira shi, sai ya tuna ba ya faɗar sunan. Nan yake farkawa, ya tarar Zaituna ta wuce shafi biyar.

Ranar da aka zo babin ƙarshe, dawa ta riga ta sunkuyar da kai a gonaki. A labarin, ayari ya isa sabuwar duniya mai wata biyu a samanta. Tsoho Maiwada ya ciro mabuɗi daga wuyansa, ya buɗe akwatin ƙarfen da ya kulle irin dawa a ciki tun ranar tashi, shekara arba'in babu wanda ya taɓa. Aka shuka, kwana huɗu ƙasa ta yi kore shar, kowa na murna.

"Tsaya," in ji Malam Haladu. Ya tashi zaune sosai. "Shekara nawa?"

"Arba'in."

"Ƙarya ne. Yaƙe-yaƙen nan duk na yafe, na mai gona ne. Amma wannan shi ya rubuta, kuma ya sani. Tsaba a akwati shekara arba'in? Shekara uku ma rabinta ya mutu. Iri ba ajiya ake yi masa ba, shuka shi ake yi duk shekara, a zaɓa, a sake shukawa. Da tsohon nan manomi ne, da ya nemi tukwane ya shuka ko kara goma ne a cikin jirgin, ya raba wa mutum biyar, don in na wani ya mutu a samu a wajen wani. Ya kulle, ya rataye mabuɗi a wuya. Gari zai tarar a ciki, gari da ƙwari."

Zaituna ta bari ya huce. Sannan ta ce, "Baba, ai ya faɗi dalilinsa a babi na shida. Barci kake yi."

"Ba barci nake ba. Karanta."

Ta koma baya ta nemo wurin. Wata mata ce ta roƙi Tsoho Maiwada ya ba ta ƙwaya bakwai ta gwada shukawa, ya hana ta. Ya ce: "A duniyarmu ta farko wani ya yi sakacin yini ɗaya, irin gidansu ya ƙare har abada. Irin wannan ba a yafe shi, kuma bai kamata a yafe ba. Ba zan ƙara ba kowa amanar iri ba."

Kaji suka zo suna tsattsaga a gefen tabarma, bai kore su ba.

"Har abada ya rubuta?"

"Haka ya rubuta."

"Ke da kuke waya da shi, bai san 'Yar Goggo na nan ba?"

"Baba, ni kaina ban san ta taɓa ɓacewa ba. Shekarata goma sha ɗaya lokacin. Na san dai kun yi faɗa a kan dawa. Kuma duk ranar da na ɗauko masa maganar gona sai ya ce ana kiransa."

A nan abin ya doke shi. Shekara goma sha biyu yaron na yawo da gawar abin da bai mutu ba, shi kuma yana nan yana cin tuwonta safe da yamma, ya rufe baki don kada a ji ya je roƙo. Kunya ta kama shi, da tausayi, da haushin kansa. Ya daɗe yana murza gemu.

"Abin nan da kike magana a ciki ya je wa mutum, ɗauko."

Ta danna, ta riƙe masa wayar a baki. Ya yi gyaran murya kamar mai ba da sanarwa a masallaci.

"Saƙo zuwa ga mai littafi. An karanta mini. Yaƙin ya yi yawa, Madugu surutu gare shi. Babin alƙibla ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Amma akwai kuskure a ƙarshe. Iri ba ya shekara arba'in a akwati. Kuma abin da tsohon ya faɗa a babi na shida ba haka ba ne, irin bai ƙare ba. Akwai wani mutum a bayan Ƙarfi, Labo, Allah ya sa na taɓa ba shi. Na je na karɓo. Da na faɗa tun lokacin, ban faɗa ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Asabar mai zuwa ta sama za a yi girbi. Idona ba ya gani."

Bai tsaya nan ba. Ya sa ta ciro zangarniya ɗaya daga ragowar na bara a madafa, baƙa ƙirin da hayaƙi, aka naɗe a takarda, mijinta ya kai tashar Funtua ya ba direban Kaduna.

Waya ta nuna an saurari saƙon. Amsa ba ta zo ba. Kwana ɗaya, kwana huɗu, mako guda. Malam Haladu bai tambaya ba, shi da tambaya? Sai dai duk babur ɗin da ya tsaya a layin sai ka ga ya karkata kunne. Bayan la'asar kuma ya ce a sake karanta masa babin alƙibla, har Zaituna ta kusa haddace shi.

Ranar Alhamis da hantsi ya ɗauki kaba ya ce ta kai shi gona. Ta riƙe masa sanda har bakin kunya, ta tsaya a nan. Ya kutsa cikin dawar shi kaɗai. Karan ya fi shi tsawo nesa, ganye na shafar fuskarsa. Ya ɗaga kai kamar yadda ya saba shekara hamsin, bai ga zangarniya ko ɗaya ba, sai taurari ke iyo cikin farin sama. Ya tsaya cak, kaba a kafaɗa, bai san ta ina zai fara ba.

Bai ji tsayawar babur ba. Takun ƙafa ya ji a kan busasshen ganye, sannan sallama, da muryar da ta yi kauri fiye da yadda ya san ta. Mai sallamar ya durƙusa a cikin kunya.

Malam Haladu ya amsa kamar wanda aka aika kasuwa jiya ya dawo. "Ka makara, rana ta yi. Ungo."

Zubair ya karɓi kabar. Ya tashi, ya dudduba, ya tanƙwaro wani kara ya sa zangarniyar a hannun ubansa. Tsohon ya auna nauyinta, ya ɓalle ƙwaya ɗaya, ya ɗora a haƙorin gaba, ya rufe ido ɗaya.

"Ta yi gaggawar nuna. Wuce."

Suka wuce. Zubair ya kama ta biyu, ya sake ta da kansa. "Wannan akwai ja a gefe," in ji shi. Uban ya gyaɗa kai. Ta uku da ta zo hannunsa ya daɗe yana shafa ta, ya ciza, ya tauna, ya haɗiye.

"Ita ce. Ɗaura."

Kabar ta ƙi ɗauruwa a hannun Zubair, sau biyu tana zamewa. "Baba, ka yafe mini," in ji shi.

"Ɗaura tukuna."

Sai tsohon ya laluba ya kama wuyan hannunsa, ya riƙe har ƙullin ya zauna. Bai saki ba.

"Ni ma na yi magana a gaban mutane. Kai yini ɗaya ka yi sakaci, ni shekara goma sha biyu." Ya juya wajen bakin gona. "Ke kuma shigo, ki daina tsayuwa kamar baƙuwa. Yau mutum biyu zan koya wa."

Zaituna ta tattare mayafi ta shigo. Tana isowa ta ji wata kalma da ba ta taɓa ji daga bakin ubanta ba, har sai da ta waiga ta ga ko wani ne ya yi magana.

"Zubair," in ji Malam Haladu, "ɗaga kai ka gaya mini abin da kake gani."